Waya, Sirri da Tsaron Rai a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

A mafi yawan muhawarar da ake yi kan fasahar zamani, akan ɗora sirrin mutum da tsaron al'umma a kan sikeli guda, a ce sai ɗaya ya ragu ɗayan zai ƙaru, wato duk mai son ya kwana lafiya dole ya yarda hukuma ta san lambar wayarsa, ta ɗauki zanen yatsunsa, ta kuma iya bin sawun inda yake. Abin da ya faru a ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da ke arewacin Jihar Zamfara daga shekarar 2020 zuwa yau ya nuna cewa wannan lissafi da sauran gyara, domin a yankin da ɓarayin daji ke zaɓen wanda za su ɗauka bisa labarin da ya iso musu a kansa, rufin asirin mutum yana cikin abubuwan da ke tsare ransa. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa ranar kasuwa, da ɗan ci-ranin da ya turo kuɗi gida, da mai garin da ya buga wa jami'an tsaro waya cikin dare, dukkansu lafiyarsu na rataye ne ga wanda ya ji labarinsu da kuma abin da ya yi da shi. Wannan rahoto ya bi diddigin yadda aka karɓi bayanan mutanen yankin da sunan tsaro, da yadda aka yanke musu hanyar sadarwa da sunan tsaro, da kuma inda nauyin waɗannan matakai ya sauka.

Yankin da hanyoyinsa

Ƙaura Namoda tsohuwar mahaɗa ce, domin a nan layin dogon da ya taso daga Zariya ta Gusau ya tsaya a shekarar 1929, kuma daga nan hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Shinkafi ta zarce Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato, ɗayar ta bi ta Zurmi ta fita Jibiya a Jihar Katsina. Garin na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, Shinkafi na da kasuwar Alhamis da ta daɗe tana tara fatake da dillalan dabbobi daga nesa, ita kuwa Zurmi ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta ɓangaren Maraɗi. Rayuwar irin wannan yanki ta dogara ne ga zirga-zirga da labari, wato sanin farashin hatsi a kasuwa ta gaba, da sanin ko hanya na biyuwa, da sanin halin ɗan'uwan da ya tafi neman kuɗi kudu.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta karɓe ayyukan da a da ɗan aike da direban mota ke yi, daga baya kuma ta zama asusun ajiya da katin shaida da akwatin labarai a lokaci guda. Sai dai hanyar da ke isar da gargaɗi cewa an ga babura sun fito daga daji, ita ce ke isar da kiran neman kuɗin fansa, ita ce kuma mai kai rahoto, wanda mutanen yankin ke kira infoma, yake bi ya shaida wa 'yan bindiga gidan da aka sayar da shanu. Daga wannan fuska biyu ta waya dukkan matsalolin da ke tafe suka samo asali.

Watannin da aka kashe sabis

Ranar 1 ga Satumba 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, kuma ranar 3 ga watan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan turakunsu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Turken sadarwa shi ne dogon ƙarfen da ke ɗauke da na'urorin da ke haɗa wayoyin wani yanki da sauran duniya, don haka kashe shi na nufin babu kira, babu saƙo, babu intanet. An ce matakin na mako biyu ne, amma sai ranar 1 ga Oktoba aka mayar da sabis a Gusau kaɗai, sauran jihar kuwa, har da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage musu takunkumin. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako-mako, an hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, sannan Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato a 14, Kaduna ma a wasu sassanta.

Hujjar gwamnati a fili take, wato a raba ɓarayin daji da masu ba su labari, a toshe cinikin fansa, a kuma hana su sanin motsin sojoji. Hujja ce da mutane da yawa a yankin suka karɓa da fatan alheri a makonnin farko, saboda sun gaji da binne 'yan'uwansu. Amma kashe sabis bai iya bambance wayar ɓarawo da wayar ungozoma ba. Ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa hanyar neman ɗauki, mai haƙuri ya rasa hanyar kiran mota, masu sana'ar cirar kuɗi da na'urar POS suka zauna babu aiki, iyalan waɗanda ke hannun 'yan bindiga kuma suka shiga duhu game da halin mutanensu. Wanda ke da hali ya riƙa yin doguwar tafiya a kan hanyoyin da su kansu ke da haɗari don kawai ya buga waya, yayin da a garuruwan bakin iyaka aka koma neman sabis ɗin kamfanonin Nijar, ƙofar da ta buɗe wa mai gaskiya da mai laifi baki ɗaya. Hare-hare ba su tsaya ba, domin ranar 17 ga Oktoba 2021, sa'ad da sabis ke kashe a gabashin Sakkwato, an kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo.

Babbar matsalar ɗa'a a nan ita ce rashin bahasi. Matakin da ya shafi miliyoyin mutane na kusan wata uku ya cancanci a fito bayansa a bayyana wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa, cikin alƙaluman da kowa zai iya dubawa, domin ta haka ne za a san ko ya dace a sake ɗaukarsa. Wani abin lura kuma shi ne su kansu 'yan bindigar sun nuna sun san amfanin yanke sadarwa, domin a harin da suka kai garin Zurmi a watan Afrilun 2024, wanda ya kai har fadar sarki, sun lalata kayan wani kamfanin waya. Idan maharin da kansa yana ganin ribarsa ce gari ya kasa kiran waje, to akwai buƙatar hukuma ta yi dogon nazari kafin ta jefa gari cikin wannan hali da hannunta.

Bayanan da aka karɓa da alƙawarin da aka yi

A watan Disamba 2020, ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta umarci kowane mai layin waya ya haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, lamba mai alƙaluma 11 da Hukumar NIMC mai rajistar 'yan ƙasa ke bayarwa bayan ta ɗauki hoton fuskar mutum da zanen yatsunsa goma da adireshinsa da ranar haihuwarsa. Kafin wannan, tun 2014, Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da lambar BVN, wadda ke ɗaure dukkan asusun bankin mutum da zanen yatsunsa. Manufar da aka bayyana ita ce kada a ƙara samun layin da ba a san mai shi ba, ta yadda duk wanda ya kira don neman kuɗin fansa za a iya gano shi. Ranar 4 ga Afrilu 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 yin kira saboda ba a haɗa su ba, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumba 2024.

Ga mazaunin ƙauye a Zurmi ko Shinkafi, cika wannan umarni na nufin barin gona, da biyan kuɗin mota a kan hanyar da ake tare mutane, da bin dogon layi a cibiyar rajista, sau da yawa kuma da miƙa takardunsa ga wani mai shago ya cike masa saboda bai iya karatun boko ba. Talaka ya yi nasa, amma kiran fansa bai daina shigowa ba, domin wanda ya tare hanya da bindiga ba ya bukatar ya yi rajistar layi, wayar wanda ya kama ta ishe shi, kuma sunan da zai fito a rumbun bayanai sunan wanda aka zalunta ne. A watan Janairun 2024 Pantami da kansa, bayan ya bar mulki, ya koka a fili cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. A watan Satumba 2025 kuma Gwamnan Zamfara Dauda Lawal ya bayyana cewa ya san inda jagororin 'yan bindigar jihar suke, amma ba shi da ikon ba jami'an tsaro umarni, saboda daga Abuja suke karɓa. Maganganun biyu sun haɗu a wuri ɗaya, wato gibin da ke akwai yana tsakanin sani da aiki da sanin, kuma ƙara tara bayanan jama'a ba zai cike shi ba.

Su kuma bayanan da aka tara ba su zauna inda aka ajiye su ba. A watan Maris 2024 gidauniyar binciken jarida ta FIJ ta bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN, a watan Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta sanar da cewa wani shafin, AnyVerify, na bayar da bayanan mutum a kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta, ta ce shafukan ba su da izininta. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, haɗarin bai zama ɗaya ga kowa ba, domin abin da zai jawo wa mazaunin Legas damfara a asusun banki yana iya jawo wa mazaunin Ƙaura Namoda baƙi a ƙofar gida da tsakar dare. Zanen yatsa kuma ba kamar lambar sirrin katin banki ba ne da za a sauya idan ta fita, abu ne da mutum zai mutu da shi.

Inda sirri ke zuba a cikin gari

Ba daga manyan rumbunan Abuja kaɗai asirin mutane ke fita ba, kuma Hausawa sun daɗe da cewa da ɗan gari akan ci gari. Ƙarancin rassan banki a yankin, tare da wahalar takardun kuɗi da ta biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023, sun sa mai POS ya zama bankin unguwa, wanda ya san wanda aka turo wa kuɗi da nawa aka turo da ranar da ya karɓa. Dattijo ko matar aure da ba ta fita kan ba yaro kati tare da lambar sirri, wani lokaci ma a faɗi lambar da ƙarfi a gaban jama'a. Rashin wutar lantarki ya sa waya kan yini a shagon mai caji, gyara kuma kan sa ta kwana a hannun mai gyara, alhali a cikinta akwai saƙonnin banki da lambobin dangi da hotunan iyali. Mafi yawan masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne da ke riƙe amanar da ba wanda ya koya musu girmanta, amma tsarin da ya dogara kacokan ga halin mutum ɗaya yana rushewa ranar da aka tsorata mutumin ko aka saye shi.

Zaurukan WhatsApp na gari da na 'yan sa-kai su ma suna da fuska biyu. Suna ceton rai idan aka sanar da motsin mahara da wuri, amma ba wanda ke da tabbacin cewa duk wanda ke cikin zauren na gari ne, kuma saƙon murya, wanda shi ne aka fi amfani da shi saboda ba ya buƙatar iya rubutu, yana ɗauke da shaidar mai maganar duk inda aka tura shi. Mutumin da ya yi gargaɗi da safe yana iya jin muryarsa ta isa daji kafin la'asar.

Ta ɗaya gefen kuma akwai haɗarin zargi. A watan Yuni 2022 Zamfara ta yi dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu ba su labari, a watan Janairun 2024 kuma aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara don taimaka wa jami'an tsaro. A irin wannan yanayi binciken wayar mutum a shingen hanya ko a kasuwa kan zama hanyar yanke masa hukunci, alhali samun lambar ɗan bindiga a waya bai isa hujja ba, tunda wanda ya yi cinikin fansar ɗansa, da mai garin da aka tilasta wa tara harajin noma, duk suna da irin wannan lamba. Hoton mutum da aka yaɗa da sunan infoma ba ya gogewa ko da daga baya an gane ƙazafi ne, kuma idan zargi ya bi ƙabila, kamar yadda yakan faɗa kan Fulanin da ba su ji ba su gani ba, sai ya ƙara hura wutar da ake son kashewa.

Bidiyo da mutuncin wanda aka kama

Fasahar ɗaukar hoto ta ba 'yan bindiga abin da ba su da shi a da, wato dandalin magana da jama'a kai tsaye. Bello Turji, wanda ya yi ƙaurin suna a dazukan Shinkafi da gabashin Sakkwato, ya sha fitowa a bidiyo yana barazana ko kafa sharuɗɗa, a 2024 kuma an ga wasu 'yan bindigar a TikTok suna nuna makamai da damman kuɗi. Manhajojin sada zumunta na aiki ne da wani tsarin lissafi da ke ƙara tura wa mutane duk abin da aka fi kallo da turawa, ba tare da la'akari da ko alheri ne ko sharri ba, don haka duk wanda ya kalla don mamaki ko ya tura don takaici ya ƙara wa bidiyon tafiya. Abin dubawa ne cewa a watan Agusta 2022 Hukumar NBC mai kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin bincike kan ta'addancin daji, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka nuna shirin BBC kan jagororin 'yan bindigar Zamfara, alhali su 'yan bindigar na watsa nasu saƙon ba tare da tace ko tambaya ba.

Mafi ciwo shi ne bidiyon waɗanda ke tsare. A watan Agusta 2024 hoton Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, wanda aka sace a kan hanyarsa ta komawa Sabon Birni, ya karaɗe wayoyi yana roƙon a cece shi, kwanaki kaɗan kafin labarin rasuwarsa a hannun masu garkuwar. Irin wannan bidiyo an shirya shi ne don ya karya zuciyar dangi ya kuma ɗaga farashin fansa, kuma mutumin da ke cikinsa bai ba da izinin a nuna shi cikin wannan hali ba. Masu turawa da dama na yi ne da niyyar tayar da hukuma daga barci, niyyar kuma ba a raina ta ba, amma ana iya isar da labari da matsa wa hukuma lamba ba tare da an yaɗa fuskar dattijo cikin ƙasƙanci ko gawar da 'ya'yanta za su ci karo da ita a waya shekaru masu zuwa ba. Wannan ya fi tsanani ga matan da suka dawo daga daji, waɗanda yaɗa hotonsu da sunansu kan bi su har cikin zancen aure da zaman unguwa.

Ido daga sama da murya ta ƙarya

Jirgi maras matuƙi, wanda ake sarrafawa daga nesa yana aiko da hoton abin da ke ƙasa, ya shigo yaƙin arewa maso yamma da alƙawarin gani ba tare da an jefa soja cikin haɗari ba. Sai dai na'ura na nuna taron mutane da babura ne kawai, fassara abin da taron yake nufi aikin ɗan Adam ne. Ranar 3 ga Disamba 2023 irin wannan jirgi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a Jihar Kaduna, inda hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta tabbatar da mutuwar mutum 85, rundunar kuma ta amsa kuskurenta. A watan Janairun 2025 wani harin sama a Tungar Kara, yankin da ke tsakanin Zurmi da Maradun, ya faɗa kan 'yan sa-kai da mazauna da suka fito tunkarar mahara, inda rahotanni suka ce aƙalla mutum 16 sun rasu. A ƙasar da ɓarawo da mai kare gari duk ke hawa babur suna riƙe da bindiga, hoto daga sama ba zai wadatar ba sai an haɗa shi da amintacciyar hanyar magana da mutanen ƙasa, wadda ita kuma ba ta samuwa sai mutane sun tabbata cewa sunan wanda ya ba da labari ba zai fita ba.

Ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke koyo daga ɗimbin bayanai har ta iya haɗa rubutu ko hoto ko murya mai kama da ta gaske, ta kawo wani sabon haɗarin da ya dace a yi shirinsa tun yanzu. Jin muryar wanda aka kama shi ne babbar shaidar da dangi ke nema kafin su sayar da gona su biya fansa, saƙon murya kuma shi ne jaridar ƙauye. Ranar da kwaikwayon murya cikin Hausa ya zama abu mai arha, ɗan damfara zai iya karɓar fansar mutumin da bai taɓa gani ba, mai neman fitina kuma zai iya sa wa sarki ko malami maganar da bai yi ba, sannan mai laifin gaske ya sami damar cewa muryarsa da aka naɗa ƙirƙira ce.

Abin da doka da addini suka tanada

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. Ranar 12 ga Yuni 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa Hukumar NDPC, ta wajabta cewa a karɓi bayani don wata manufa bayyananna kuma kada a wuce ta, ta ba mutum ikon sanin abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara, ta kuma tilasta wa mai riƙe da bayanai sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa kutse mai haɗari. Hukumar ta nuna tana da haƙora sa'ad da ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 32.8 a 2025. Amma dokar ta sassauta wa ayyukan tsaron ƙasa da binciken laifi, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan kira na shekara biyu, ƙa'idojin NCC na 2019 kuma sun ba hukumomin tsaro damar sauraren sadarwa da iznin alƙali, a halin gaggawa ma kafin a samo iznin. Waɗannan iko ne da yaƙi da masu garkuwa ke bukata, sai dai ikon da ba mai duba yadda ake amfani da shi yana da sauƙin karkata daga ɗan bindiga zuwa ɗan jarida ko mai sukar gwamnati.

Mutanen yankin ba baƙi ba ne ga tushen waɗannan ƙa'idoji, domin Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane ta kuma umarci a tantance labari kafin a yi aiki da shi, Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, tarbiyyar Hausa kuma ta ɗauki tona asirin maƙwabci a matsayin babban abin kunya. Abin da ya rage shi ne malamai a huɗuba da makarantun Islamiyya su bayyana cewa waɗannan hukunce-hukunce sun hau kan waya kamar yadda suka hau kan zaure, wato lambar sirrin da aka ba mai POS amana ce, buɗe hotunan wayar da aka kawo gyara leƙen gida ne, tura zargin da ba a tantance ba kuma yana iya zama sanadin jinin da mai turawa zai amsa tambaya a kansa.

Nauyin da ke kan kowa

Gyaran da ake bukata ba ya wuce ƙarfin hukumomin da ke akwai. Duk wani matakin kashe sabis nan gaba ya kamata ya zama na yanki ƙayyadadde da wa'adi ƙayyadadde, bisa rubutaccen umarnin da kotu za ta iya dubawa, a kuma bar hanyar kiran gaggawa a buɗe. Hukumomin tsaro su riƙa bayyana wa majalisa da jama'a yawan masu garkuwar da aka kama ta hanyar bayanan NIN da na layukan waya, domin wanda aka karɓi zanen yatsunsa da alƙawarin tsaro yana da haƙƙin ya san ko alƙawarin ya cika. Hukumar NDPC ta isar da saƙonta cikin Hausa ta gidajen rediyo, ta kuma yi aiki da ƙungiyoyin masu POS da masu gyaran waya a garuruwa irin Ƙaura Namoda, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ke da malamai da ɗaliban da za su iya ɗaukar nauyin horarwa. Kamfanonin sada zumunta su ɗauki isassun masu tace bayanai da suka san Hausar Zamfara da Fulatanci, rundunonin soja kuma su riƙa wallafa sakamakon binciken duk harin da ya faɗa kan fararen hula tare da biyan diyya.

Ma'aunin da ya dace a auna kowace sabuwar fasaha da shi a wannan yanki shi ne a tambayi wanda ta fallasa, da wanda ta kare, da wanda zai amsa tambaya idan ta yi ɓarna. Zuwa yanzu mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun bayar da duk abin da aka nema daga gare su, sun yi rajista, sun haƙura da watannin rashin sabis, sun kuma ci gaba da kai rahoto duk da haɗarin da ke ciki. Haƙƙinsu ne a kan gwamnati da kamfanoni a tsare abin da suka bayar, a yi amfani da shi a kan masu laifi, a kuma yi musu bayani dalla-dalla duk lokacin da aka gaza.